Me ya bambanta hannun mutum da hannun biri, tunda dukkansu suna da babban yatsa?

Ɗalibar Gashin Ƙashi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatun gashin ƙashi, kuma a wannan zangon muna kan darasin hannu, tun daga kafaɗa har zuwa kan yatsu. Bayanin da ake yawan maimaita mana shi ne cewa abin da ya fifita hannun ɗan Adam a kan na sauran halittu shi ne babban yatsa, saboda yana iya juyowa ya fuskanci sauran yatsu huɗu. Wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya ga yadda bika ke tsintar ƙwayar gyaɗa guda ɗaya daga ƙasa da yatsu biyu, ya ɓare ta ya jefa a baki, ya san cewa biri ma yana da irin wannan yatsa, kuma yana aiki da shi.

Tambayata ga malamai da masana ita ce: shin adadin ƙasusuwan hannunmu da na birai ɗaya ne? Idan ɗaya ne, a ina ainihin bambancin yake, a ƙashi ne, ko a tsoka, ko kuwa a ƙwaƙwalwa? Ina neman bayanin da zai taimake ni in fahimci aikin kowace gaɓa, ba jerin sunayen da zan haddace don jarrabawa kawai ba.

Malamin Bayoloji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malama, abin da kika lura da shi daidai ne. Biran Afirka da na Asiya, in ban da kaɗan daga cikinsu, suna da babban yatsa mai fuskantar sauran yatsu, saboda haka samuwar yatsan ba ita ce ta raba mu da su ba. Ƙasusuwan ma kusan iri ɗaya ne. Hannun mutum yana da ƙashi 27: guda 8 a wuyan hannu, guda 5 a cikin tafi, sai guda 14 a yatsu, wato biyu a babban yatsa da uku-uku a sauran. Haka lissafin yake a hannun cimfanzi da gorila, wato manyan biran Afirka marasa wutsiya. Yawancin sauran birai, har da orangutan na dazukan Borneo da Sumatra, suna da ƙarin ɗan ƙaramin ƙashi na tara a tsakiyar wuyan hannu, wanda a jikinmu da na manyan biran Afirka yake haɗewa da maƙwabcinsa su zama ɗaya.

Bambanci na farko yana ga tsawo, wato yadda aka raba tsawon tsakanin yatsu. Ki miƙe hannunki, ki kwantar da babban yatsa a gefen manuniya, za ki ga kansa ya kai wajen tsakiyar gaɓarta ta farko. A hannun cimfanzi kuwa, tafin dogo ne, yatsu huɗun dogaye ne masu ɗan lanƙwasa, babban yatsan kuma gajere ne siriri, da ƙyar yake kaiwa gindin manuniya. Shi ya sa idan zai ɗauki ƙaramin abu yakan matse shi tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, kamar yadda muke riƙe makulli, alhali mu muna iya haɗa naman kan babban yatsa da naman kan kowane yatsa fuska da fuska, mu kuma matsa da ƙarfi. Ƙashin ƙarshe na yatsunmu yana da faɗi a kai, kuma wannan faɗin ne ke tallafar naman da ke lotsawa ya rungumi allura ko zare ba tare da sun suɓuce ba.

Na biyu yana gindin babban yatsa, inda ya zauna a kan ɗaya daga cikin ƙasusuwan wuyan hannu. Wannan gaɓa siffar sirdi gare ta, ta lotsa ta wata fuska ta kuma tasa ta ɗaya fuskar, don haka yatsan yana iya tafiya gaba da baya, da gefe da gefe, yana kuma ɗan murɗawa a kan hanyarsa. Birai da yawa suna da wannan siffa, amma tamu ta fi faɗi kuma ba ta kai ta manyan birai zurfi ba, wanda ya ba ta damar ɗaukar matsi mai yawa daga kowace kusurwa. Kuɗin da muke biya shi ne cewa tana cikin gaɓoɓin hannu da suka fi saurin zaizayewa idan shekaru suka ja, musamman a wajen mata, kuma za ki haɗu da masu wannan ciwo da yawa idan kika fara aiki.

Sai tsoka. Muna da wata doguwar tsoka da ta taso daga sangalin hannu, jijiyarta ta ratsa wuyan hannu ta je ta kama ƙashin ƙarshe na babban yatsa, aikinta kawai ta lanƙwasa kan yatsan. A jikinmu tsoka ce mai zaman kanta, ga ta kuma da ƙarfi. A jikin cimfanzi da gorila da orangutan kuwa, sau da yawa ba a samun komai sai ɗan siririn reshe daga tsokar da ke lanƙwasa sauran yatsu, wani lokaci ma babu shi gaba ɗaya. Tudun naman da ke gindin babban yatsanmu shi ma ya fi nasu cika nesa ba kusa ba.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa da shi shi ne ɗaya gefen tafin. Ƙasusuwan tafi na ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba a kafe suke ba, suna iya matsowa ciki su tari babban yatsa, shi ya sa tafinmu ke iya yin zurfi har mu kamfaci ruwa ko hatsi. Wani likita ɗan Birtaniya, John Napier, ya raba riƙon hannu gida biyu a 1956: riƙon ƙarfi da riƙon ƙwarewa, irin riƙon allura. Ki dubi manomi riƙe da ƙotar fartanya: ƙotar ta kwanta a karkace a cikin tafi, ƙananan yatsu biyu sun kulle ta, babban yatsa ya danne daga sama, wuyan hannu kuma ya karkata zuwa gefen ƙaramin yatsa har ƙotar ta miƙe a kan layi ɗaya da sangali. Wannan shi ne riƙon ƙarfi irin namu, kuma a ganina ya fi riƙon allura nuna bambancinmu da cimfanzi, domin shi sanda takan gitta masa yatsu ne a kwance, ya naɗe ta da su.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ƙara wani abu, domin idan aka ce “hannun biri” kamar iri ɗaya ne, an riga an kauce hanya. Hannun biri yana aiki biyu, yana riƙe abinci kuma yana ɗaukar nauyin jiki, kuma yadda kowane biri ke tafiya shi ne ya tsara masa hannu.

Bikan da ɗalibarmu ta ambata mazaunin ƙasa ne. Idan yana tafiya yakan ɗage tafinsa sama, ya taka da cikin yatsu huɗu, kuma yatsun nasa gajeru ne. Wannan gajartar ce ta sa babban yatsansa ke isa kan manuniya cikin sauƙi, saboda haka a wajen tsintar ƙananan abubuwa rabon tsawon yatsunsa ya fi na cimfanzi kusa da namu. Ɗan'uwansa jelada na tsaunukan Habasha ya ma fi shi, domin yini yake yi a zaune yana tsinkar ciyawa da babban yatsa da gajeriyar manuniyarsa. Jan biri na dajinmu na Arewa, wanda gudunsa ke kaiwa kimanin kilomita 55 a awa, shi ma da yatsu yake taka ƙasa, kuma allon kafaɗarsa yana gefen ƙirji ne, hannun yana kai da komo gaba da baya a ƙarƙashin jiki. Irin wannan biri ba ya iya wulwula hannu ta ko'ina yadda muke yi.

Cimfanzi kuwa, irin wanda ake samu a gandun Gashaka-Gumti, tsarinsa daban ne. Ƙirjinsa yana da faɗi, allon kafaɗa ya koma baya, gwiwar hannu tana miƙewa sarai, duk domin hawa da rataya a reshe. Jijiyoyin tsokar da ke lanƙwasa yatsunsa gajeru ne, ta yadda idan ya miƙe wuyan hannu yatsun kan naɗe da kansu su zama ƙugiya, sai ya rataya ba tare da ya kashe ƙarfi mai yawa ba. To wannan tsari ne kuma ya hana shi shimfiɗa tafi a ƙasa cikin sauƙi, shi ya sa idan ya sauko yake naɗe yatsu ya taka da bayan gaɓarsu ta tsakiya, inda fata ta yi kanta. Gorila ma haka yake tafiya.

Akwai kuma waɗanda babban yatsan ya kusa ɓace musu. Birin kolobus mai baƙi da fari ɗan kututture kawai gare shi a wurin, wasu biran Kudancin Amurka masu dogayen hannuwa ba su da shi sam, kuma duk suna rayuwarsu lafiya lau a saman itatuwa da yatsu huɗu. Masu auna wannan abu sukan kwatanta tsawon hannu da na ƙafa: idan ƙafa 100 ce, hannun mutum kimanin 70 ne, na bika ya kusa 100, na cimfanzi ya ɗan haura 100, na orangutan kuma yana wajen 140.

Game da kayan aiki, kada a raina su. Cimfanzin Gashaka suna zura tsinke su ɗebo tururuwa da zuma, na dajin Tai a Kodebuwa da na Bossou a Gini suna fasa ƙwara da dutse, kuma ƙananansu sukan yi shekaru suna kallon iyaye mata kafin su iya.

Ɗalibar Gashin Ƙashi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba. Yanzu na gane cewa tsawon sauran yatsu yana da muhimmanci kamar na babban yatsan kansa. Amma wata tambayar ta taso mini. Masu binciken tsofaffin ƙasusuwa suna ganin hannun cimfanzi shi ne tsohon tsari, namu kuma sabo, ko kuwa ba haka suke gani ba? Sannan idan tsokokin kusan iri ɗaya ne, me ya sa ake cewa cimfanzi ya ninka mutum ƙarfi sau da yawa?

Malamin Bayoloji ya sake amsawa:

An daɗe ana ɗaukar hannun cimfanzi a matsayin tsohon tsari, amma ƙasusuwan da aka tono sun raunana wannan ra'ayi. A 2009 aka fitar da cikakken bayani a kan wata halitta da aka samu a yankin Afar na Habasha, mai suna Ardipithecus ramidus, wadda aka ƙiyasta shekarunta miliyan 4.4. Tafinta bai kai na cimfanzi tsawo ba, kuma wuyan hannunta ba shi da alamomin tafiya a kan bayan yatsu. A 2015 kuma wani masani, Sergio Almécija, da abokan aikinsa suka auna rabon tsawon yatsu a birai masu yawa, na yanzu da na da, suka kai ga cewa cimfanzi da orangutan ne suka ƙara tsawon yatsu huɗu sosai, rabon tsawon hannun mutum kuwa bai yi nisa da tsohon tsari ba. Har yanzu masana na jayayya a kan wasu sassan wannan batu, musamman asalin tafiya a kan bayan yatsu.

Sassan hannun irin namu ba su bayyana tare a lokaci guda a cikin ƙasusuwan ba. Wata halitta mai suna Australopithecus sediba da aka samu a Malapa, Afirka ta Kudu, mai kimanin shekaru miliyan 2, tana da dogon babban yatsa, amma hannunta dogo ne irin na mai hawa itace. Ƙasusuwan hannun da aka tono a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya a 1960 suna cikin hujjojin da masana Louis Leakey da Phillip Tobias da Napier suka dogara da su a 1964 suka ba halitta mai waɗannan ƙasusuwa suna Homo habilis. Akwai kuma wani ɗan tsini a gindin ƙashin tafi na yatsan tsakiya, wanda ke kulle shi da wuyan hannu don ya jure bugu. Mu muna da shi, birai ba su da shi, kuma an same shi a wani ƙashi daga arewacin Kenya mai kimanin shekaru miliyan 1.4. Duwatsun da aka fasa da gangan a Lomekwi, a Kenya ɗin dai, sun kai shekaru miliyan 3.3, wato an fara sarrafa dutse tun kafin a ga wannan tsini.

Maganar ƙarfi an zuzuta ta. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa tsokar cimfanzi ta fi ta mutum mai girma ɗaya da ita ƙarfi da kimanin kashi ɗaya bisa uku, saboda ta fi yawan zaren tsoka masu saurin tsukewa, tamu kuma ta fi yawan masu juriya. Idan aka haɗa wannan da dogayen hannuwa da kafaɗa mai kallon sama, dole ya fi mu jan jiki zuwa reshe. Amma a jifa mun bar shi a baya, domin jifansa bai cika wuce kilomita 30 a awa ba, alhali yaron da ya saba jifa yana ninka haka. Dalili shi ne ramin gaɓar kafaɗarmu gefe yake kallo, ƙugunmu kuma yana juyawa daban da ƙirji, don haka idan muka ja hannu baya jijiyoyin kafaɗa kan miƙe su tara ƙarfi, sannan su sake shi a lokaci guda.

Likitar Ƙashi ta amsa:

Ƙanwata, malamai sun gama da ƙashi da tsoka, ni kuma zan taɓa kashi na uku na tambayarki, domin shi ne zai fi yi miki amfani a ɗakin gashi. Za a iya samun hannu mai cikakken ƙashi da cikakkiyar tsoka, amma ya kasa ɓalle maɓallin riga, idan saƙon da ke zuwa masa ya yanke.

A jikin mutum da manyan birai da biran Afirka da Asiya, akwai jijiyoyin saƙo da ke tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa, su gangara cikin laka, su sadu kai tsaye da ƙwayoyin da ke umartar ƙananan tsokokin hannu, ba tare da ɗan aike a tsakani ba. Kyanwa da ɓera ba su da irin wannan hanya idan sun girma. A 1968 wasu masana biyu, Lawrence da Kuypers, suka yanke wannan hanya a jikin wasu biran Asiya, suka jira suka warke. Biran sun ci gaba da tafiya da gudu da hawa, suna kama ƙarfen keji da kyau, amma ba su sake iya zura yatsa ɗaya su ciro abinci daga ƙaramin rami ba, sai dai su damƙo da hannu gaba ɗaya. Abin da za ki gani ke nan a wajen mai shanyewar ɓarin jiki: kafaɗa da gwiwar hannu sukan riga dawowa, damƙa ta biyo baya, motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya kuma shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba ya dawowa. Jariri ma a kan wannan jeri yake tafiya, yana damƙe yatsan uwarsa tun ranar haihuwa, amma sai ya kai wajen wata tara zuwa shekara kafin ya tsinci ƙwayar shinkafa da yatsu biyu.

Ji ma yana cikin aikin. Yawancin birai suna da farce mai faɗi maimakon ƙumba mai tsini, suna kuma da zanen yatsa kamar namu, kuma a ƙarƙashin wannan zane akwai ƙwayoyin ji masu yawa da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa abu ya fara zamewa, sai riƙon ya ƙaru tun kafin mutum ya ankara. Idan aka kashe kan yatsu da allurar kashe zafi, ɗaukar ashana daga kan tebur ma sai ya zama aiki.

Cutar kuturta tana nuna wannan a fili, tunda jijiyoyin saƙo take kamawa. Idan ta lalata jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan ƙandare a lanƙwashe, tafi kuma ya rame. Idan ta kama wadda ke ratsa tsakiyar wuyan hannu, tudun gindin babban yatsa yakan zube, yatsan ya koma ya kwanta a jere da sauran, ya daina juyowa ya fuskance su. A lissafin da ake yi na naƙasa, rasa babban yatsa ana ɗaukarsa daidai da rasa kashi 40 cikin 100 na aikin hannu, shi ya sa yaron da aka haifa ba shi da shi ake iya ɗauko manuniyarsa, a gajarta ta, a juya ta, a dasa ta a gurbinsa.

Ga wanda tsokar gindin yatsansa ta mutu kuwa, aikin da wani likita, Paul Brand, ya yi fice da shi a kan masu kuturta a Vellore ta ƙasar Indiya shi ne sauya wa jijiyar tsoka hanya. Kowane ɗaya daga cikin yatsu huɗu yana da jijiyoyi biyu masu lanƙwasa shi, don haka ana iya cire ɗaya daga yatsan da ke kusa da ƙarami, a zagayo da ita ta gefen wuyan hannu, a ɗinke ta a babban yatsa ta kusurwar da za ta jawo shi ya fuskanci sauran. Bayan an cire filasta aikin ya koma hannunku, domin ƙwaƙwalwar majinyacin har yanzu tana ɗaukar wannan tsoka a matsayin mai lanƙwasa tsohon yatsanta. Za ki zaunar da shi ki ce ya yi niyyar lanƙwasa wancan yatsa yana kallon babban yatsansa na motsawa, ku yi ta maimaitawa tsawon makonni, daga taɓa kan manuniya zuwa ɗaukar soso, sannan cokali, sannan alƙalami, kina kuma duba fatar yatsun a kowane zama, tunda wanda ba ya jin zafi ba zai gaya miki ya ji rauni ba.